Yadda ake zaga Istanbul da abokai cikin kwana biyar ba tare da an saɓa ba

Istanbul gari ne mai sauƙin yawo ga baƙo: jiragen ƙasa da na ruwa suna kaiwa kusan ko'ina, abinci halal ne a yawancin wurare, masallaci kuwa duk inda ka waiga akwai. Abin da ke ɓata tafiyar abokai a can daga cikinsu yake fitowa. Wani ya zo ganin tarihi, wani kasuwa ce a ransa, wani barci yake so har hantsi, wani kuma kuɗinsa ba su kai na sauran ba amma kunya ta hana shi faɗa. Idan aka daidaita waɗannan tun a gida, sauran aikin na ƙafa ne kawai.

Abin da za a tanada

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da biza. A fara neman biza da wuri, kowa da takardunsa, kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar kowa ta fito. Kowa ya ɗauki hoton fasfonsa da bizarsa ya tura wa mutum ɗaya cikin tawaga.

Kuɗi a hannu, dala ko yuro. Ba wanda zai canza maka naira ko sefa a can, katin banki na gida kuma yana iya ƙin aiki a lokacin da ka fi bukatarsa. Kuɗin ƙasar lira ne, darajarsa tana sauyawa da sauri, saboda haka farashin da wani ya faɗa maka na bara ko bariya ba abin dogaro ba ne.

Takalmi mai taushi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Wannan ya fi komai muhimmanci a jaka. Tsohon garin a kan tuddai yake, titunansa da yawa daɓen dutse ne, sabon takalmi sau-ciki zai yi maka kanta tun ranar farko. Ga shi za a yi ta cirewa ana sawa a ƙofar masallatai, don haka mai igiya da yawa wahala ne. A haɗa da safa masu kauri da 'yar jakar zuba takalmi.

Adafta mai ƙafa biyu zagayayyu. Mutanen Najeriya da Gana cajarsu mai ƙafa uku ba ta shiga soket ɗin Turkiyya. Na Nijar da Kamaru da Chadi ba su da wannan matsala. Sai fawabank, da taswirar garin da aka sauke a waya tun daga gida don ta yi aiki ko babu intanet.

Rigar sanyi, ko da bazara ce, saboda iskar kan ruwa. Mata su riƙe mayafi ko hijabi a jaka. Yaji kuma, don abincin Turkawa ba shi da zafi. Buta ba dole ba ce: masan zama na ƙasar suna da ɗan famfon tsarki a jikinsu.

Game da lokaci, Afrilu zuwa Mayu da Satumba zuwa Oktoba sun fi daɗi. Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso, Disamba zuwa Fabrairu kuma sanyi ne da ruwan sama, wani lokaci har da ƙanƙara.

1. Ku zauna kafin a sayi tikiti

Mutum huɗu shi ne daidai. Tasi ɗaya tana ɗaukarsu, ɗaki biyu ya ishe su, teburin gidan abinci ma na huɗu ne. Da an kai biyar sai tasi biyu, da an kai bakwai kuwa rabin rana a jiran juna zai tafi. Idan kun fi shida, ku rabu gida biyu da rana, ku haɗu a cin abincin dare.

A zaman nan kowa ya faɗi abu biyu da idan bai gani ba zai ji tafiyar ba ta yi ba. A rubuta. Sannan a yi tambayar da ake kauce wa: nawa kowa zai iya kashewa a rana? A ɗora tsarin a kan mai ƙaramin ƙarfi. Wanda ke da hali ya yi nasa ƙarin shi kaɗai a lokacin da aka ba kowa dama.

A fitar da zancen sautu fili ma. Duk wanda ya ji za ka Turkiyya zai ba ka sautun abaya ko takalmi ko labule. Idan ɗayanku ya taho da dogon jerin sautu, ko sari ne ya kawo shi, ya sanar tun yanzu, a ware masa ranarsa. In ba haka ba, mutum uku za su wuni tsaye a ƙofar shago suna duba agogo.

2. Masauki kusa da layin T1

T1 taragun kan titi ne da ya ratsa tsakiyar tsohon gari: Aksaray, Laleli, Beyazit, Sultanahmet, Gulhane, Sirkeci, Eminonu, ya haye gadar Galata zuwa Karakoy, ya ƙare a Kabatash. Duk otal ɗin da ke tafiyar minti biyar daga ɗaya cikin waɗannan tashoshi ya yi. Ni Sirkeci na fi so, don tana tsakanin masallatai da bakin ruwa, ga tashar jirgin ƙasa na Marmaray mai bi ta ƙarƙashin teku zuwa ɓangaren Asiya. Laleli da Aksaray sun fi araha, nan 'yan kasuwarmu suka fi sauka, sai dai hayaniya da 'yan dako har dare. Taksim unguwar masu hira ce da mashaya, kuma ta yi nisa da abin da za ku fi gani.

Ku kama ɗaki tun kuna gida, domin Booking.com ba ya bari a kama otal ɗin Turkiyya daga cikin Turkiyya tun 2017. Ku tambaya ko akwai lifta, don ƙananan otal-otal na tsohon gari da yawa matakala ce zalla. A tabbatar da karin kumallo yana cikin kuɗin: burodi, cuku, zaitun, ƙwai, tumatir da shayi suna riƙe mutum har azahar.

3. A naɗa ma'aji

Kuɗin taragu, tikitin shiga wurare, ruwan sha, abincin da aka ci tare, duk su fito daga asusu ɗaya. Kowa ya zuba daidai da na kowa, ma'aji ya rubuta duk abin da ya fita a wayarsa, in asusu ya yi ƙasa a sake karo-karo. Tsarabar mutum da kwaɗayinsa daga aljihunsa. Wannan yana kashe al'adar nan ta "bar shi, na biya", wadda ke da daɗi a rana ta farko, a rana ta huɗu kuma sai ka ga wanda ya fi yawan zaro walat ya fara shiru.

Kada a canza kuɗi da yawa a filin jirgi, farashinsu ba kyau. A canza na mota da abincin dare kawai. Shagunan canji masu allon "Döviz" suna nan birjik a Sirkeci da Laleli da kewayen babbar kasuwa. A duba allo biyu ko uku, a ƙirga kuɗi a gaban mai shago. Ma'aji kada ya fita da dukan asusu, na rana kawai.

4. Daga filin jirgi zuwa gari

Babban filin jirgin yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsohon gari. Agogon Istanbul yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu, a gyara tun a jirgi saboda salla. Hanya uku ce: bas ɗin Havaist mai zuwa Aksaray da Taksim, wanda ke da wurin zuba akwatuna, jirgin ƙasa M11, mai sauri amma sai an canza layi da kaya a hannu, ko tasi. Ku huɗu da akwatuna manya ba za ku shiga ƙaramar tasi ɗaya ba, don haka bas ya fi.

Ku sayi katin Istanbulkart a injin da ke tashoshi, ku loda masa kuɗi. Shi ke biyan taragu, jirgin ƙasa, bas da jirgin ruwa. Kati ɗaya yana iya biya wa fiye da mutum ɗaya, amma ku sayi aƙalla biyu, don ranar da za ku rabu.

In dole sai tasi a cikin gari, a kira ta manhajar BiTaksi ko Uber, ko a tabbatar direba ya kunna mita. Lokacin biya, ka faɗi adadin takardar da kake miƙawa da ƙarfi, kana riƙe da ita yana gani. Akwai masu musanya babbar takarda da ƙarama su ce ita ka bayar.

5. A jera ranaku bisa ranakun da ake rufewa

Fadar Topkapi ba ta buɗewa ran Talata. Fadar Dolmabahce ran Litinin. Babbar kasuwa mai rufi, Kapali Charshi, ran Lahadi. Ran Juma'a da safe manyan masallatai ba sa karɓar 'yan kallo sai an sauko. A rubuta waɗannan huɗu a saman takarda kafin a ɗora komai.

Ƙa'idar ita ce unguwa ɗaya ko biyu a rana, manyan wurare biyu ko uku, sauran abin da ƙafa ta iske a hanya. Salla ita za ta raba muku ranar, tunda masallatan su ne abin kallon: ka shiga ka yi azahar a wurin da wasu ke bin layi don su leƙa. A tsayar da lokacin fita, misali takwas da rabi. Wanda bai shirya ba a tura masa inda ake, ya iske mutane. A faɗi wannan tun ranar farko da dariya, kafin ya zama abin fushi.

6. Ranar Sultanahmet

Ku fara da Topkapi, ku kasance a ƙofa da tara na safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a. Sarki Muhammadu Alfatih ne ya gina ta bayan ya ci garin a 1453, kuma daga nan sarakunan Usmaniyya na Turkawa suka yi mulki kusan shekara 400. Da kun shiga, kada ku tsaya a ɗakunan girki da tangaran. Ku wuce kai tsaye farfajiya ta uku, ɗakin Amanoni Masu Tsarki, don nan layi ya fi tsawo. A ciki akwai kayan da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa: akwatin da ke ɗauke da alkyabbarsa, takubba, baka, makullan Ka'aba. Yawancinsu Sarki Salim na ɗaya ya kawo bayan ya ci Masar a 1517. Akwai alaramma zaune a gefe yana karatun Alƙur'ani ba dare ba rana, muryarsa na bin ɗakunan. Ba a ɗaukar hoto, masu gadi kuma suna tura layi gaba, don haka a yi shiru a buɗe ido. Duk wanda na kai wurin nan, ko mai yawan surutu ne, sai ya fito jikinsa a sanyaye. Ku ba juna minti goma a inuwar farfajiya kafin a ci gaba.

Ga mai son tarihi: a shekarun 1570 Mai Idris Alooma na Barno ya aiko da jakadu garin nan wurin Sarki Murad na uku. Ƙafar mutanen yankinmu ta daɗe da sanin hanyar.

Fadar za ta ci awa uku. Sashen iyalan sarki, Harem, yana ƙara awa guda. In ƙafa ta fara ciwo a bar shi.

Daga nan Ayasofiya, ƙofa da ƙofa suke. An gama ginin a shekara ta 537 a matsayin coci, zamanin Sarki Justiniyan na Rumawa, ya zama masallaci a 1453, aka mayar da shi gidan tarihi a shekarun 1930, ya koma masallaci a 2020. Tun Janairun 2024 baƙi 'yan kallo suna biyan yuro 25 su hau bene, ƙasa kuma ta masallata ce. Ku daidaita zuwanku da azahar, ku yi alwala, ku bi ƙofar masu salla. Wanda ke son ganin zane-zanen Rumawa na sama ya sayi tikiti da kuɗinsa, sauran su jira a dandali.

Masallacin Sultan Ahmad, mai hasumiya shida, yana fuskantar Ayasofiya. An fara gininsa a 1609, shiga kyauta ne. Ku bar shi sai la'asar. Tsakanin sallolin biyu a ci abinci, amma ba a gidajen da ke bakin dandali masu ɗan kira a ƙofa ba. Ku shiga lungu, ku nemi lokanta, inda abinci ke jere a bayan gilashi kana nunawa ana zuba maka: miyar adas, shinkafa, wake, kaza, nama da gauta. In da sauran ƙarfi, rijiyar Yerebatan ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336 tana nan kusa, rabin awa ta isa.

7. Ranar Ayyub da Sulaimaniyya

Daga Eminonu taragun T5 yana bin gaɓar ruwan Halich zuwa Eyupsultan. Nan kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, sahabin da ya sauki Annabi (SAW) a gidansa a Madina, ya kuma rasu a yaƙin neman buɗe wannan gari zamanin Mu'awiya. Ku je da sassafe. In ranar Juma'a ce, ku isa awa biyu kafin salla, in ba haka ba a kan titi za ku yi ta. Bayan ziyara akwai ƙaramar mota mai tafiya a igiya da ke hawa tudun Pierre Loti, da Istanbulkart ake biya. In layinta ya yi tsawo, a hau da ƙafa ta cikin maƙabarta, minti ashirin ne.

Da yamma masallacin Sulaimaniyya, aikin magini Sinan, daga 1550 zuwa 1557. A ganina ya fi na Sultan Ahmad kyau da natsuwa, kuma daga bayan farfajiyarsa ana hango gari da ruwa ba ko sisi, abin da mutane ke biyan kuɗi da bin layi su gani a hasumiyar Galata. Gidajen dafaffen wake da shinkafa suna jere a gaban ƙofarsa.

8. Ranar ruwa

A Eminonu za a tare ku da takardu ana tallar yawon Bosforos, mashigin tekun da ya raba Turai da Asiya, da tsada. Ku wuce. Jirgin fito na gwamnati zuwa Uskudar ko Kadikoy kuɗinsa bai fi na bas da yawa ba da kati, tafiyar kusan minti 20, daga Turai zuwa Asiya. Ku sayi simit, zoben burodi mai riɗi, ku zauna a bayan jirgi ta waje, mai shayi zai zagayo da tire. Mai son dogon yawo, kamfanin jiragen gari, Shehir Hatlari, yana da na awa biyu da na wuni, da araha.

Daga Uskudar ana hawa zuwa masallacin Chamlija, wanda aka buɗe a 2019, mafi girma a ƙasar. A dawo bakin ruwa kafin magariba, a zauna daura da hasumiyar Kiz Kulesi. Wannan ita ce ranar hutun ƙafa, don haka a sa ta a tsakiya.

Hattara biyu. A gidajen kifi na ƙarƙashin gadar Galata, a tambayi kuɗin kifin kafin a gasa, don da awo ake sayar da wasu. In ana son araha, burodi da kifi na tsaye a bakin ruwa ya wadatar. Na biyu, mai goge takalmi zai wuce ta gabanka, buroshinsa ya faɗi kamar bai sani ba. Ka ɗauka ka miƙa masa, ya dafa ƙirji yana godiya, ya ce lallai sai ya goge maka, kafin ka ankara ya durƙusa ya kama ƙafarka, yana gamawa ya yanka maka kuɗi. Ka nuna masa da yatsa ka ci gaba da tafiya. Haka duk baƙon da ya faɗo muku da fara'a a titin Istiklal na Taksim yana cewa ku zo ya kai ku wani wuri a sha wani abu.

9. Kasuwa sai ƙarshe

Idan aka fara da kasuwa, kuɗin tikiti da abinci za su tafi a kan jaka da turare. Rana ta huɗu ko ta biyar ce tata, kuma ranar ce ya kamata a rabu: masu sari su nufi Laleli, ko unguwannin Osmanbey da Merter, sauran su shiga Kapali Charshi.

Kasuwar tana da shaguna wajen 4,000 da ƙofofi masu lamba. A riƙe lambar ƙofar da aka shiga, a sa lokacin haɗuwa a nan. Kallo ake zuwa yi, sayayya kaɗan. Mai shago zai ba ka shayi a ɗan kofin gilashi. Sha ba ya wajabta saye. Ka taya rabin abin da ya faɗa, in ya ƙi ka yi godiya ka juya. Mutum ɗaya ya yi ciniki, sauran su yi shiru. Ba abin da ke ɓata ciniki kamar aboki ya ce "kai, wannan ya yi kyau" a gaban mai kaya. Kada kuma ku saki baki da Hausa kuna zaton ba mai ji, wasu shagunan Laleli suna da yaran shago 'yan Afirka ta Yamma.

Sayayyar gaske a gangaren Mahmutpasha take, daga bayan kasuwar zuwa Eminonu, inda 'yan gari ke sayen kayansu. Cunkosonsa sai ka ce Kantin Kwari ana jajibirin salla, don haka waya da walat a aljihun gaba, saboda 'yan sane. A ƙarshen gangaren kasuwar kayan ƙamshi take, Misir Charshisi. Alawar lokum, busasshen ɓaure, fistashiyo da habbatus sauda sun fi araha a shagunan da ke wajen ginin. A ce su matse kayan a leda marar iska, suna da injin.

10. Idan wani ya ɓace, ko rai ya fara ɓaci

Kowa ya riƙe katin otal a aljihu. Dokar taragu: in ƙofa ta rufe ta bar wani, waɗanda ke ciki su sauka a tasha ta gaba su jira, shi kuma ya hau na baya. In layin waya mutum biyu kawai suka saya, kada su biyun su tafi tare lokacin rabuwa. Lambar gaggawa 112.

Hoto yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. A ba shi minti goma a kowane wuri, a yi na tare da na ɗaiɗai, a wuce, da dare a zuba duka a zauren WhatsApp na tafiyar. Kowace rana kuma a bar awa biyu da kowa zai yi abin da ya ga dama, ko barci ne. Yawancin ƙananan saɓani gajiya da yunwa ne. In ka ga mutuminka ya fara amsa magana da ƙyar, a nemi wurin zama a kira shayi.

11. Daren ƙarshe

Ma'aji ya karanto lissafi kowa na ji, a raba abin da ya rage ko a cike giɓi a daren, kada a ce sai an koma gida. Lirar da ta saura a mayar da ita dala a gari. A ari ma'aunin otal a auna akwatuna. A yawancin tikiti jaka ɗaya ba ta wuce kilo 23, kuma kuɗin ƙari a filin jirgi yana da zafi. Wanda kayansa suka yi yawa ya raba wa masu sauran wuri, in sari ne kuma ya kai ofisoshin kago na Laleli da Aksaray tun da rana, ya karɓi rasit. Turare da zuma da duk abu mai ruwa su shiga babban akwati. A duba tikiti a tabbatar wane filin jirgi ne, don akwai na biyu, Sabiha Gokcen, can ɓangaren Asiya. A bar otal awa huɗu da rabi kafin tashi, in safiya ce ko yamma lokacin tashin ma'aikata a ƙara rabin awa.